Wa ke riƙe da ranar biki? Lissafin mai shirin hutu daga Jos

A watan Afrilun 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da hutun Ƙaramar Sallah, Talata 9 ga wata da Laraba 10. Wani maƙwabcina a nan Jos, malamin firamare, ya daɗe yana yi wa 'ya'yansa alkawarin kai su Kano kallon Hawan Daushe, sai ya ɗora lissafinsa a kan wannan sanarwa. Ya kama ɗaki na daren Talata da na Laraba, ya ƙulle kuɗin mota da na abinci daidai wa daida. Daren Litinin aka duba wata ba a gani ba. Azumi ya cika talatin, Sallah ta koma Laraba, Hawan Daushe ya koma Alhamis, gwamnati ma ta ƙara kwana ɗaya a hutun. Amma ɗakin da ya kama an riga an yi wa wani alkawarinsa daga ranar Alhamis. Wanda ya fishshe shi wani tsohon abokin karatunsa ne a Gwammaja, da ya share masa ɗakin zaure shi da yaran maza, uwargidansa kuma ta ja 'yan matan cikin gida. Sun ga hawan. Har yau autarsa in ta ji ƙarar bindiga a talabijin sai ta ce 'yan bindigar Sarki ne.

Duk wanda ya zauna zai tsara hutunsa a kan wani biki, abin da yake fara tambaya shi ne yaushe za a yi. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan, wato a hannun wa ranar take. Wani bikin ranarsa na hannun jinjirin wata. Wani tana rubuce a kalandar bango tun shekara ba ta kama ba. Wani kuwa sai sarki da dattawa da 'yan kwamiti sun zauna, sun dubi sama sun dubi aljihu, sannan su yanke. Kowanne da irin shirin da yake bukata, kuma da wuya a sami garin da ukun nan suka haɗu suka cakuɗe kamar Jos, inda a layi ɗaya za ka tarar da mai jiran sanarwar Sarkin Musulmi, da mai ƙirga kwanakin Kirsimeti, da mai jiran kiran waya daga ƙauyensu kan ranar bikin ƙabilarsu.

Mu fara da wata, tunda shi ya fi rikita mutane. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka kowace Sallah tana ja da baya da kwana goma zuwa sha biyu a kalandar Miladiyya. Ƙaramar Sallah ta zo ranar 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025. Babbar Sallah kuma 28 ga Yuni, 16 ga Yuni, 6 ga Yuni a waɗannan shekaru. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ke sawa a lissafi ba shi ne Sallolin biyu ba ɗaya ba ne wajen shiri. Ƙaramar Sallah ba ka da tabbacin ranarta sai daren jajibere, lokacin da fadar Sarkin Musulmi ta yi magana daga Sakkwato. Babbar Sallah kuwa da an tsayar da watan Zulhajji ka san goma ga wata ce, kana da fiye da mako guda na kama ɗaki da neman izini a wurin aiki. Haka ma Maulidi, sha biyu ga Rabi'ul Awwal, lokacin da ake Sallar Gani a Daura da Haɗeja da Gumel. Saboda haka ma'aikacin da kwanakin hutunsa ƙididdigaggu ne, in hawa yake son gani, Babbar Sallah ko Gani sun fi masa sauƙi. Matsalar Babbar Sallah ɗaya ce, rago ya riga ya cinye kuɗin mota. In kuwa Ƙaramar ce dole, to a sa kwana ɗaya na rara a gaba, a sa ɗaya a baya, a kuɗi da masauki duka.

Ja da bayan nan yana canja yanayin da za ka tarar. Yanzu Ƙaramar Sallah tana faɗowa a bazara, sa'ad da zafin Kano ke kusantar digiri 40. Yaron da ya tashi a Jos, a kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, bai san irin wannan rana ba. Hawan Daushe da yamma ake yi, washegarin Sallah, amma mai son wuri mai kyau a Ƙofar Kudu tun da rana tsaka yake zuwa ya zauna. A tafi da ruwa da hula, a ɗora ƙananan yara a kafaɗa in dawakai suka fara zuwa. Sai an daɗe ana kallon tawagar hakimai ɗaya bayan ɗaya, kowa da kalar rawaninsa da makaɗansa, kafin a ji tashin bindigogi da kakaki, a hango laima, dogarai da jajayen riguna sun kewaye Sarki, 'yan lifida da 'yan sulke a gaba. Daga nan sai jahi, mahaya su sako dawakai a guje su ja linzami daf da Sarki, hannu a sama, ƙura ta turnuƙe har ka ji ta a haƙora. Ana danganta asalin wannan hawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Washegari sai Hawan Nasarawa, daga baya na Ɗorayi ko na Fanisau. Wanda ya zo daga nesa yana da kwana ɗaya tak, Daushe zai zaɓa.

Sai dai ko wata ya tsaya, akwai wani hannun da zai iya riƙe linzamin. A 2020 annobar korona ta hana hawa. A Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 'yan sanda sun dakatar da hawan Kano saboda rikicin sarauta, alhali a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin baƙin ciki ne ga duk mai ƙaunar wannan al'ada, kuma darasi ne ga matafiyi cewa kada ya rataya hutun iyalinsa a ƙugiya ɗaya. Zazzau na hawa, Katsina na hawa. Bauchi tana nan kusa da mu, tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka, ana iya sammako a dawo a ranar, ko a zarce Yankari yara su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. A cikin jihar Filato ma akwai masarautar Wase, inda ake hawan Sallah a gindin dutsen nan da ake hangowa tun daga nesa. Mutanen Jos da yawa sun je Kano sau biyar kallon hawa, ba su taɓa taka Wase ba.

Bukukuwan kalandar bango ba su da wannan fargaba, tasu matsalar cunkoso ce. Kirsimeti da Sabuwar Shekara ba sa motsi. Ista tana motsi tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, amma an san ranarta shekaru kafin ta zo. Bikin titi na Kalaba, wanda Gwamna Donald Duke ya faro a 2004, a ƙarshen Disamba yake, kuma mai son zuwa tun watanni kafin nan zai nemi otal. A Jos kanta Disamba watan dawowar 'yan gida ne. Mutanen Legas da Abuja da Fatakwal sun cika gari, kowace Asabar ɗaurin aure, kuɗin mota ya tashi, ɗakunan otal sun yi wuya. Ga sanyi. Da asuba a ƙarshen Disamba da Janairu ma'auni yakan sauko kusa da digiri 10, mai shayi a bakin Terminus ya naɗe kai da rawani har ido kawai ake gani, ruwan alwala kamar ya tsaga fata. Baƙon da ya zo daga Sakkwato ko Maiduguri da 'yar shara, kasuwar gwanjo ta Katako ce zangonsa na farko.

A cikin irin waɗannan akwai wanda nake so ƙwarai, bikin Afan na Kagoro a kudancin Kaduna, ranar 1 ga Janairu. Asalinsa bikin ƙarshen girbi ne da buɗe farauta, ranarsa na hannun dattawa, sai a zamanin Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan aka tsayar da shi a ranar farko ta shekara. Wannan mataki ɗaya shi ya sa ɗan Kagoro da ke aiki a ko'ina ya san ranar da zai kasance gida, baƙo ma ya san ranar da zai zo. Da masu shirya sauran bukukuwanmu za su dubi wannan, da an huta.

Domin rukuni na uku nan ne wahalar take, nan ne kuma daɗin yake. Nzem Berom shi ne babban bikin Berom, masu yawancin ƙasar da ke kudu da yammacin Jos. An fara shi a wannan siga a 1981, aka tattara tsofaffin bukukuwan da kowane yanki ke yi daban, irin su Mandyeng na tarbar damina, aka mai da su taro guda ƙarƙashin Gbong Gwom Jos, kujerar da Da Jacob Gyang Buba ke kai tun 2009. Yawanci tsakanin Maris da Mayu ake yi, a filin Polo ko filin wasa na Rwang Pam, amma ranar sai an sanar, kuma akwai shekarun da aka tsallake. Na taɓa tsayawa kusa da mai kaɗa kundung, wani abin kiɗa na katakai jere da ƙahonin shanu rataye a ƙarƙashinsu suna ƙara masa amo. Dattijo ne, idonsa a rufe, hannuwansa na gudu, 'yan mata da kwandunan acca suna wucewa a gabansa gunduma bayan gunduma, mahaya kuma a kan ƙananan dawakan dutse ba sirdi. Hadari ya haɗo daga gabas, ba wanda ya motsa, don ruwan ai shi ake roƙo. Mai zuwa ya riƙe laima, ya kuma sani ruwan farkon damina a Jos wani lokaci da ƙanƙara yake zuwa.

Irin wannan biki kusan kowace ƙabila a jihar tana da nata. Mwaghavul suna da Puus Kaat a Mangu, galibi a Afrilu. Ngas suna da Puusdung a Pankshin, Tarok suna da Ilum O'Tarok a Langtang, Goemai suna da Bit Goemai a Shendam, Afizere kuma Igoon Izere, inda ake rawar Asharuwa da sarewa. Na kira su da sunayen da suke kiran kansu da gangan. Mu mun tashi muna jin Sura da Angas da Yargam da Ankwai da Jarawa, amma baƙon kirki da sunan da mai gida ke so yake kiransa. Ba za ka sami tabbatacciyar ranar ko ɗaya daga cikinsu a intanet tun farkon shekara ba. Abin da za ka samu sanarwar bara ce ko ta bara waccan, kuma mutane da dama sun yi asarar kuɗin mota a kan tsohuwar sanarwa da wani ya sake yaɗawa a Facebook. Ranar gaskiya tana bakin abokin aikinka ɗan Mangu, ko matar da kake sayen dankali a wurinta a Farin Gada, ko gidan rediyon jiha makonni kaɗan kafin bikin. Da ɗan gari akan ci gari.

Babban bikin kamun kifi na Argungu ma wannan rukuni yake, duk da sunan da ya yi a duniya. Ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta karɓe shi a 2016. Amma sai ruwan Matan Fada ya ja daidai, sai an sami kuɗi, sai tsaro ya yarda. An yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a Maris ɗin 2020. Daga Jos tafiyar yini guda cur ce, don haka ba a kama hanya sai gwamnatin Kebbi da fadar Argungu sun faɗi rana da bakinsu. Kokawar takobi ta Nijar, da aka fara a Tawa a 1975 take zagaya jihohin ƙasar, ita ma hukuma ke tsayar da ranarta. Ojude Oba na Ijebu-Ode kuwa, duk da a ƙasar Yarbawa yake, wata yake bi, kwana biyu bayan Babbar Sallah.

Akwai wata gata da mai jin Hausa yake da ita a Filato wadda bai cika lura da ita ba. A jihar da ke da harsuna fiye da arba'in, Hausa ce ta kasuwa da tasha, da ita ake wa'azi a coci-coci da yawa, da ita mai sanarwa a filin biki ke cewa a matsa baya. Ba ka bukatar tafinta a Pankshin ko Shendam. Abin da kake bukata ladabi ne. A nemi izini kafin a ɗauki hoton dodo, kuma in aka ce wannan mata ba sa gani, a bi. Za a ga burkutu a gefen fili, za a ga naman da Musulmi ba ya ci. Mai masaukinka ya san da haka tun kafin ka buɗe baki, sau da yawa ma ya riga ya nemo wanda zai yanka maka kaza, ko ya sa an dama gwaten acca da ganye. Ka ci abin da ya halatta gare ka, ka yi godiya, ba sai ka yamutsa fuska ba. Haka muke fata shi ma in ya bi mu Kano ko Zariya a karɓe shi, a gaya masa irin shigar da ta dace ba tare da an muzanta shi ba.

Ba zan rubuta duk wannan in yi kamar ban san garin da nake zaune ba. A shekarar 2000 Ƙaramar Sallah ta faɗo a makon Kirsimeti. Ina tuna kwanukan da suka yi ta kai da kawowa a layinmu, shinkafa da cincin su shigo, waina da miyar taushe su fita, har iyayenmu mata suka rasa gane kwanon wa ke hannun wa. Wata tara bayan nan, a Satumban 2001, aka yi rikicin da ya raba Jos, aka sake a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Yaran da aka haifa a Unguwar Rogo ko Gangare bayan wannan, da yawansu ba su taɓa ganin Nzem Berom ba, alhali da ƙafa za su iya zuwa filin. Takwarorinsu na Tudun Wada ko Kabong su ma ba su san yadda filin Idi yake ba. Wannan yana ci mini rai fiye da duk wani hawa da aka soke.

Tsoron kuma ba na banza ba ne. A watan Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba suna dawowa daga taron zikirin sabuwar shekarar Musulunci a Bauchi, aka kashe fiye da ashirin. A jajiberen Kirsimetin 2023 an auka wa ƙauyuka a Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe fiye da mutum ɗari. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Mai shirin tafiya da iyali dole ya sa wannan a lissafi. Ba a tafiyar dare. A shiga mota a tasha, kada a tsaya a bakin hanya. A kira mai masauki da safen ranar a ji yadda gari ya kwana, in ya ce a dakata, a dakata ko an riga an biya kuɗin mota. A cikin Jos kuma a tuna cewa hukuma ta sha hana Keke Napep fita a ranakun Sallah da Kirsimeti da Sabuwar Shekara a Jos da Bukuru. Baƙon da ya sauka a tashar Bauchi Road ranar Sallah da kaya da yara, bai shirya wanda zai ɗauke shi ba, zai sha tafiyar ƙasa.

Kwanakin rarar da na ce a sa a gaba da baya ba asara ba ne a garin nan. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana da kawunan yumɓu na Nok, a bayansa kuma akwai filin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ga gandun namun daji da aka buɗe a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ga duwatsun Shere, ga tulin duwatsun Riyom da suka hau kan juna, ga ruwan Assop a gangaren Hawan Kibo. Ranar Sallah da washegari gidan zu ba masaka tsinke, gara a bari sai rana ta uku. Abu ɗaya nake roƙon iyaye, kada a bar yara su shiga kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru da kewaye. Ruwan yana da kyan gani, amma zurfinsa ba na wasa ba ne, kuma ya ci rayuka.

Bisa lissafin wata, Ƙaramar Sallah za ta sake haɗuwa da makon Kirsimeti a ƙarshen 2033, shekara 33 bayan waccan ta kwanuka. Kafin nan za ta ratsa Fabrairu da Janairu, wato akwai shekarun da za a yi kallon hawan Kano cikin hunturu ba zufa, masu ƙananan yara su riƙe wannan. Ni dai abin da na sa a gaba ya fi haka kusa. Wani ɗan Kagoro da muka yi aiki tare ya daɗe yana cewa in kawo iyali Afan, na ce masa in Allah Ya kai mu bana za mu zo. Saboda hana ababen hawa da cunkoson ranar, tun 31 ga Disamba za mu tashi da hantsi, mu gangara Hawan Kibo, mu tsaya a Assop yara su ga ruwa, mu bi ta Gidan Waya mu isa kafin la'asar. Ya ce mahaifiyarsa ta ware mana ɗaki, ta kuma ce a zo da barguna, don iskar da ke saukowa daga dutsen Kagoro da asuba ba ta san baƙo ba.